Kafin ka cika fom ɗin matuƙin jirgin soja

'Yan'uwa masu burin shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, don tuƙa jirgin yaƙi, ku fara da asibiti tun kafin fom. Ku je likitan ido ya yi muku gwajin Ishihara, wanda ke nuna ko mutum na bambance ja da kore. Da yawa ba su san suna da matsalar ba sai ranar tantancewa, kuma tabarau ba ya gyara ta. A duba jini ma, saboda sikila ba ta jituwa da ƙarancin iskar shaƙa a sararin sama.

Farfaɗiya, asma ko suma da ka taɓa yi, kada ka ɓoye. In an gano daga baya, kora ce. Ka nemo katin asibitinka na da, ka tafi da shi.