Yadda za ka bi ayarin masu keke zuwa tsaunukan Jos kana jinyar rauni

Mai tuƙa keke a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yana iya wuni a hanya bai canza giyar keke ba. Filato dabam take. Garin Jos na kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Duwatsun Shere da ke gabashinsa ta haura mita 1,800, hanyoyin kuwa daga hawa sai gangara. Idan abokai sun shirya tafiyar kwana huɗu ko biyar can, kai kuma gwiwarka ba ta daɗe da shan aiki ba, ko wuyan hannunka bai jima da fita daga filasta ba, ba lallai ka zauna a gida ba. Sai dai akwai shiri, kuma rabinsa da baki ake yi.

Fara da likita, ka faɗa masa gaskiyar tafiyar

In ka ce, "Likita, zan iya hawa keke?" zai ɗauka zuwa kasuwa kake nufi. Ka ce masa awa uku zuwa huɗu ne a kan sirdi, kwanaki a jere, cikin duwatsu. Yawancin karaya kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ƙashi ya kama, jijiyar gwiwa da aka yi wa tiyata kuwa watanni take ci. Wanda ɗorin gida aka yi masa ya je a ɗauki hoton ƙashin tukuna, domin daina jin zafi ba ya nuna ƙashi ya haɗe daidai. Daga nan ka leƙa sashen gashin ƙashi na asibiti su ba ka atisayen ƙarfafa cinya, don ita ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi a hawa.

Gwada jikin a gida

Kamar mako shida kafin tafiya, fara da minti 20 a hanya mai laushi, kana ƙara kusan kashi 10 cikin 100 kowane mako. A makonni biyun ƙarshe ka yi tuƙi kwana biyu a jere, domin a Jos ba za ka samu hutun tsakani ba. Auna ciwon daga sifiri zuwa 10. Idan bai wuce 3 ba, kuma ya lafa kafin washegari, ci gaba. Idan ka tashi da kumburi ko ɗingishi, koma baya da mako guda. Jiki magayi, amma sau da yawa sai da asuba yake faɗa, ba lokacin da kake kan feda ba.

Kai keken wurin mai gyara

Abu biyu ne: giya da sirdi. Kana buƙatar giya mai laushi sosai, wadda yawan haƙoran faifan sarƙa na gaba da na baya ya kusa zama ɗaya, misali 34 a gaba, 32 ko 34 a baya. Keken hawan dutse yana da ita tun asali. Keken tsere na gwanjo yawanci ba shi da ita, sai an canza. Sirdi kuwa, hau ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gaban gwiwa, wanda ya yi sama yana jan bayanta. Mai ciwon wuyan hannu ko kafaɗa ya sa a ɗaga masa kan keken, ya nemi taya mai faɗi, ya ɗan rage iska. A sa sabon birki. Duk wannan a yi shi tun kana atisaye, kada a bari sai daren tafiya.

Zauna da ayari kafin a tashi

A ganina nan ne ake cin tafiyar ko a faɗi. Dutse bai cika lalata gwiwa ba kamar kunya. Mutum ya hango abokai sun tsaya a saman hawa suna jiransa, sai ya danna giya mai nauyi don kada a ce ya zama kaya. Su kuma don kara ba za su ce masa ya shiga mota ba. Haka za a yi ta yi wa juna alkunya har ƙafa ta kumbura a kwana na biyu.

Don haka a yanke magana tun a gida. A samu motar rakiya, ko da hayar ƙaramar bas ce aka yi karo-karo, wadda za ta ɗauki mutum da kekensa. Ka faɗa a gaban kowa cewa za ka yi rabin zangon kowace rana, sauran a mota, don ranar da ka shiga kada wani ya ga kamar ka karaya, kai ma kada ka ji nauyi. A ware mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa zama a baya tare da kai, a riƙa karɓa-karɓa saboda shi ma yawo ya zo. Sannan wannan doka: idan na ƙarshe ya iso wurin jira, a ba shi minti biyar. Al'adar masu ƙarfi ce su huta ishasshe, da zarar mai rauni ya iso yana haki su ce, "To, mu je." Shi ke nan shi kaɗai ne ba ya hutawa duk wunin.

Jera hanyoyin daga mai sauƙi

Ranar farko a zaga Rayfield da Bukuru da ke kudancin Jos, jiki ya saba da tudu da sanyi. Ta biyu a miƙa wajen Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Ɓangaren unguwar Lamingo zuwa gindin Duwatsun Shere a bar shi sai an ga yadda ƙafa ta kwana. Hawan Kibo, da ke kan hanyar Akwanga, mai jinya ya wuce shi a cikin mota in ana son ganin ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, ga manyan motoci, kuma ta yi suna da haɗurra.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Ƙananan hukumomin Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da hare-hare. A samu ɗan gari ya ja gora, a tambayi halin hanya kowace safiya, a dawo masauki kafin la'asar sakaliya. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka kusan digiri 10, gaɓa mai rauni kuma ba ta son sanyi, saboda haka a rufe gwiwa, a jira hantsi.

A kan hanya

Sauke giya tun kafin hawa ya kama ka. Zauna a sirdi, ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi, kusan juyi 80 a minti. Kada ka miƙe tsaye kana taka feda. In giya ta ƙare kuma ƙafa ta fara nauyi, sauka ka tura, ko ka ɗaga wa direba hannu. A gangara mai ciwon hannu ya fi shiga haɗari, domin damƙe birki na minti biyar yana gajiyar da yatsu. Riƙa kamawa kana saki da birkin gaba da na baya tare, ka ba na gabanka tazara, hular kwano a kai.

Kada ka haɗiyi ibuprofen ko diclofenac da safe don ka samu ka hau. Suna rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, kuma in jiki ya rasa ruwa suna wahalar da ƙoda. Tramadol kada ma a kawo zancensa. Da yamma ɗaga ƙafar a kan filo, ka ɗora ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 zuwa 20.

Ciwo mai suka, gwiwa ta sarƙe ko ta riƙa lanƙwashewa da kanta, ko yatsu su mutu su ƙi farfaɗowa, tuƙin ranar ya ƙare. Idan kuwa sha-raɓa ta kumbura gefe ɗaya tana zafi, musamman ga wanda aka yi wa tiyata kuma ya sha zaman mota, ko numfashi ya soma sarƙewa, ana iya zargin gudan jini. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo nan take, a tafi da takardun asibitinka da hoton ƙashin, waɗanda ya kamata su kasance cikin motar rakiya tun ranar farko.