Babi na Bakwai: Mace Mai Juna Biyu a Wurin Aiki da Takardar Likita

Wannan babi na matan ajinmu ne da ke aikin albashi, kamar masu aiki a kamfanin ruwan leda, da gidan burodi, da masaƙa, da manyan kantuna, da gonar kaji. Maza ma su karanta, domin matansu da ƙannensu da 'ya'yansu ne ake magana a kai. Ki karanta a hankali, ki ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane layi kamar yadda muka saba, kuma idan kalma ta ƙi shiga, ki tsaya ki tambaya. Babu abin kunya a cikin tambaya.

Darasi na 1: Abin da doka ta ba ki

A Nijeriya akwai Dokar Ƙwadago ta shekarar 1974, kuma sashe na 54 na wannan doka shi ne ya yi magana a kan mace mai juna biyu da ke aiki a kamfani, ko wurin kasuwanci, ko gona. Ki rubuta lambar a littafinki yanzu: 54. Dokar ta ce idan haihuwarki ta rage mako 6, kina da damar ki ajiye aiki ki tafi gida, sannan bayan kin sauka lafiya ba a yarda a sa ki aiki ba sai an cika wani mako 6. Idan aka haɗa biyun, mako 12 ke nan. Mako 6 kwana 42 ne, wato arba'in ɗin da muka sani da ƙarin kwana biyu.

Idan kin yi wata 6 ko fiye kina aiki a wurin ba tare da yankewa ba, wajibi ne a biya ki aƙalla rabin albashinki a lokacin hutun. Misali, wadda ake biya naira 70,000 a wata, ba za a ba ta ƙasa da naira 35,000 ba. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin daban, kuma Jihar Legas da Jihar Kaduna suna ba matan da ke aikinsu hutun wata 6. Akwai abin da dokar ba ta ba ki ba, kuma gara ki san shi tun yanzu: mai kamfani ba dole ba ne ya biya kuɗin asibitinki na awo ko na haihuwa.

Damar tafiya hutu kafin haihuwa a kan abu ɗaya ta rataya, shi ne takardar likita.

Darasi na 2: Takardar likita

A nan ne ɗalibaina suka fi tuntuɓe, shekara da shekaru, saboda haka a nan za mu daɗe. Dokar ta ce mace za ta tafi hutu ne idan ta kawo takardar shaida daga likita mai rajista, wadda ta nuna cewa ana sa ran haihuwarta a cikin mako 6. Ki lura da kalmar likita. Mai kemis ba likita ba ne, ko da ya fi shekara ashirin yana ba ki magani. Ungozomar unguwa ba likita ba ce, duk da irin taimakon da take yi mana. Idan ƙaramin asibitin da kike zuwa awo babu likita a cikinsa, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa kina buƙatar takardar da za ki kai wurin aiki, ita za ta nuna miki ranar da likita ke zuwa ko ta tura ki babban asibiti.

Katin awo daban, takardar likita daban. Katin awo shi ne wanda ake rubuta nauyinki da awon jininki a ciki duk ranar da kika je, kuma naki ne, ba a barin sa a ofis. A jikin katin za ki ga haruffa uku manya, EDD, da kwanan wata a gabansu. Wannan kwanan wata shi ne lokacin da ake sa ran saukarki, da yardar Allah. Ki ƙirga mako 6 baya daga wannan rana, nan ne hutunki zai iya farawa.

Kafin ki tashi daga gaban likita, ki duba takardar da idonki, ki nemi abu huɗu. Ki nemi sunanki, kuma ya zama daidai da sunan da ake biyan ki albashi da shi, domin na ga wadda asibiti ya rubuta mata sunan mijinta alhali kamfani sunan mahaifinta ya sani, aka ce takardar ba tata ba ce. Ki nemi kwanan wata. Ki nemi sa hannun likita. Ki nemi hatimin asibiti, wato tambarin tawada da ake bugawa a ƙasan takarda. Suna, kwanan wata, sa hannu, hatimi. Ki faɗe su da ƙarfi sau uku. Idan ɗaya ya ɓace, kada ki fita, ki ce cikin ladabi, "Likita, don Allah a buga mini hatimi." Ba zai ji haushi ba, aikinsa ne.

Yanzu ga matakin da ya fi kowane muhimmanci. Daga asibiti kada ki wuce wurin aiki kai tsaye. Ki biya shagon masu hoton takardu, ki ce a yi miki kofi biyu. Idan kina da waya mai ɗaukar hoto, ki shimfiɗa takardar a kan tabarma inda akwai haske, ki ɗauke ta yadda rubutun zai fito sarai. Ba a miƙa takarda sai an yi kofinta.

Wata ɗalibata da ke ɗaure ledar ruwa a wani kamfani ta yi duk abin da ya kamata, ban da wannan. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, likita ya auna jininta ya ga ya hau, ya rubuta mata hutu. Ta naɗe takardar a gefen zanenta, ta kai wa mai kula da su, shi kuma ya karɓa yana cikin waya, ya cusa a aljihun riga. Da ta dawo bayan mako biyu, ta tarar an sa wata a gurbinta. Ta ce ai ta kawo takarda, ya ce shi bai ga wata takarda ba. Ta zo aji ta zauna a bayan ɗaki da hijabi a fuska, ni kuma na tambaye ta ina kofin, ta ce, "Malama, ban san ana yi ba." Tun daga ranar na ɗauki alkawarin cewa babu wadda za ta bar ajina ba ta san ana yi ba.

Saboda haka ina maimaitawa. Likita ya rubuta. Ki duba abu huɗun nan. Ki yi kofi biyu. Sannan ki kai. Wadda ta ga matakan sun yi mata yawa, kada ta karaya, domin duk wadda ta iya lissafin adashi da kai za ta iya riƙe waɗannan.

Darasi na 3: Yadda ake miƙa takarda

Na san kunyar da ke cikin maganar. Mace ba ta son ta buɗe baki ta gaya wa namijin da ba nata ba cewa tana da juna biyu, balle idan cikin fari ne, kuma da yawa sun fi son su ɓoye cikin hijabi har sai ya fito da kansa. Wannan kunya tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma rubutu ya zo miki da sauƙi, domin takarda za ta faɗi abin da bakinki ya yi nauyin faɗa. Ki kwafi wannan wasiƙa a littafinki, ki cike guraben da aka bari:

Zuwa ga Manaja. Ranka ya daɗe, ni ce ........, mai aiki a sashen ........ Ina sanar da kai cewa likita ya ba ni hutu daga ranar ........ zuwa ranar ........ Ga takardarsa na haɗo da wannan wasiƙa. Na gode. Sa hannu ........ Kwanan wata ........

Idan mace ce shugabar wurin, sai ki rubuta "Ranki ya daɗe" da "sanar da ke". Kwanan wata kuma ana fara shi da rana, sai wata, sai shekara. Ranar 14 ga watan Maris na 2025 ana rubuta ta haka: 14/03/2025. Ita ma wasiƙar a yi kofinta.

Idan kika isa ofis, ki miƙa wasiƙar da takardar likita, sannan ki miƙa kofinki ki ce, "Ranka ya daɗe, a sa mini hannu a nan, alamar an karɓa." Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya mayar miki. Wannan kofi mai sa hannu shi ne shaidarki, ki sa shi a leda, ki ajiye a ƙasan akwati inda ruwa da yara ba za su kai ba. Idan ya ƙi sa hannu, kada ki yi gardama. Ki miƙa a gaban abokiyar aikinki, sannan ki rubuta a littafinki ranar, da lokacin, da sunan wanda ya karɓa, da sunan wadda ta gani.

A wannan zangon kaɗai, bayan duk bayanin da na yi, mutum biyu sun zo sun ce mini sun faɗa wa oga da baki. Haba 'yan'uwa! Me ya kawo mu aji, muka bar wanki da girki muna zama kan benci da yamma, idan har ranar da rubutu zai yi mana amfani za mu koma wa baki? Maganar baki iska ce, wanda kika faɗa wa zai iya mantawa, zai iya musu, ana iya canza masa wurin aiki. Kada wata ta sake zuwa mini da "na faɗa masa". Ki zo mini da kofi mai sa hannu.

Darasi na 4: Ranar awo da aiki mai nauyi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Kada ki fasa awo saboda tsoron a yanke miki kuɗin yini. Ranar da za ki koma tana rubuce a katinki, ki sanar da wurin aiki a rubuce tun da saura kwanaki, domin su shirya wadda za ta riƙe miki.

Sashe na 54 bai ambaci sauƙaƙa aiki ba, saboda haka wannan roƙo ne za ki yi, kuma roƙon ya fi ƙarfi idan likita ne ya rubuta. Ki gaya wa likita ainihin aikin da kike yi: buhu nawa kike ɗagawa, awa nawa kike tsaye, ko kina kusa da tanda, ko kina shaƙar maganin feshi. Shi zai rubuta cewa kina buƙatar kujera, ko a rage miki ɗaukar kaya, ko a raba ki da wurin zafi. Ita ma wannan takarda a duba abu huɗu, a yi kofi, a sa miki hannu.

Sashe na 16 na dokar ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da za a biya shi idan rashin lafiya ya kwantar da shi, matuƙar likita ya shaida. Amma idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko abin da ke cikinki ya daina motsi, to ki tafi asibiti nan take ba tare da jiran izinin kowa ba. Takarda ta biyo baya.

Darasi na 5: Idan aka ce an sallame ki

Dokar ta hana mai kamfani ya ba ki takardar sallama alhali kina hutun haihuwa, haka kuma idan hutun ya ƙaru saboda ciwon da likita ya shaida cewa ciki ko haihuwa ne suka jawo shi. Idan aka yi miki haka, kada ki dangwala yatsa ko ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba. Ki ɗauki kofinki ki je wurin wakilin ƙungiyar ma'aikata, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku. Idan magana ta ƙi ƙarewa a can, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos. Duk inda kika je, takarda za a fara tambayar ki.

Darasi na 6: Bayan kin koma aiki

Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki domin ta ba jaririnta nono. Ki sanar a rubuce.

Darasi na 7: Aikin gida

Ki kwafi wasiƙar Darasi na 3 sau biyu, ki cike ta da sunanki. Ki rubuta abu huɗun da ake dubawa a takardar likita ba tare da kin leƙa littafi ba. A zo da su ranar Asabar.