Yadda ake saka ekstenda ba tare da ta ɓata maka gem ba

Yawancin waɗanda na ga sun sayi ekstenda, wato na'urar da ke ƙara wa Wi-Fi nisan zango, sandunan sigina kawai suke kallo. Da sun ga sun cika sai hankali ya kwanta, har sai an shiga fage ɗan wasansu ya ƙame, kafin ya motsa an harbe shi. Gem ba ya cin data da yawa. Buƙatarsa saƙo ya je ya dawo da wuri, kuma ba tare da tangal-tangal ba.

Ekstenda mai rediyo ɗaya ba ta iya saurare da magana lokaci guda. Sai ta karɓi saƙo daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sannan ta sake watsa shi a tasha ɗaya. Kowane saƙo sau biyu yake bin iska, gudu ya ragu kusan rabi, jira ya ƙaru.

Fara da awo. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ping -n 100 sannan adireshin rautarka, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Zai tura saƙo 100, ya nuna lokacin da kowanne ya ɗauka ya je ya dawo. Kada matsakaicin lamba ya ruɗe ka. Dubi mafi girma, da adadin saƙonnin da suka ɓace. In lokacin yana zaune a milisakan 3 sai ya yi tsalle zuwa 200, wannan tsallen ne ke kashe ka.

Sai wurin ajiya, kuma nan ne na yi makonni ina wahala. Na soka ekstendar a ɗakin da nake wasa, inda sigina ya riga ya mutu. Sanduna suka cika, amma ita kanta da ƙyar take jin rauta, saƙonni suna faɗuwa ana sake turo su. Rauni ta karɓa, rauni take raba mini. Ajiye ta wajen tsakiyar hanya, inda wayarka ke samun sigina mai ƙarfi daga rauta, a sama, ba bayan talabijin ko firiji ba. Duk inda ka matsar da ita, sake awo. Ni ban yarda da wurin da ban auna sau uku ba.

Wi-Fi na aiki a kan 2.4 GHz ko 5 GHz. Haɗa ekstendar da rauta a 5 GHz in bango bai yi yawa ba. 2.4 GHz ya fi nisa amma cunkoso gare shi, har Bluetooth da maikirowef suna ciki. In dole ne shi, zaɓi tasha 1, 6 ko 11. Sa wa ekstendar suna dabam da na rauta, don na'urarka ta daina sauya sheƙa ana tsakiyar wasa.

In ekstendar tana da ramin Ethernet, wato na kebul ɗin intanet, ja kebul daga ita zuwa kwamfuta ko PlayStation, ka rage wa saƙo bin iska sau ɗaya. Mafi kyau ma ka ja kebul daga rauta kai tsaye. Yana kai mita 100, kuma sau da yawa ya fi ekstendar araha.