Yadda Ake Shirya Hilux Don Kwanan Daji Ba Tare Da Ta Zama Mai Shan Mai Ba

Mai akori-kura irin Hilux da ke son shiga daji ya kwana, ko Gashaka-Gumti ne a Taraba ko duwatsun Ayar a arewacin Agadas, yakan fara da zuwa wurin mai walda. Ni kuwa shawarata ka fara da gidan mai, da biro da takarda.

Cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita, ka yi tafiyarka yadda ka saba, sannan ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitan da ka yi, ka ninka da 100. Wannan ne abin da motarka ke sha kafin a taɓa ta, kuma da shi za ka gwada duk abin da ka ƙara daga baya.

Sai ka duba lambar nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka. Tana cikin littafin mota, ko a ɗan allon da ke jikin bodi. A yawancin Hilux kayan da aka yarda ba su wuce wajen tan ɗaya ba, kuma kai da abokan tafiyarka kuna cikin lissafin. Rubuta komai da nauyinsa. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka biyar masu lita 20 sun kai kilo 100. Bamban ƙarfe na gaba tare da injin jan mota suna iya kusantar wani kilo 100, duk a kan tayoyin gaba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane ƙarin kilo 45 yana ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. In za a yi maka akwatuna a baya, a yi da alminiyam ko katako marar nauyi, a kuma ɗaura su da noti yadda za ka sauke su ranar da ka dawo gari.

Inda aka fi yin asara shi ne saman mota. Tantin da ake kafawa a kan rufi yana da kyau a hoto, amma iska yake tarewa, kuma turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Ma'aikatar nan ta ce akwatin kaya a saman mota yana iya rage nisan da mai ke kai ka da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 idan ana gudu a babbar hanya. Saboda haka ka kafa tantin a kan bodin baya, ya kasance bai ɗara tsayin kan mota ba, ko ka ɗauki tantin ƙasa da ake naɗewa. Jarkoki da safaya su zauna ƙasa, kusa da bayan kan mota. Nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana da gangara, wannan kuwa maganar rai ce.

Taya kuma, ka tsaya a girman da motar ta zo da shi, kamar 265/65 R17, ka zaɓi masu alamar A/T, wato na kwalta da daji duka. Masu manyan haƙora, wato M/T, na taɓo ne, a kwalta sai ƙugi da shan mai. Babbar taya tana sa injin wahala wajen tashi, tana kuma sa mita ta nuna ƙasa da nisan da ka yi, sai lissafinka ya rikice. Ɗaga mota da santimita 5 ya isa yawancin hanyoyi. Sababbin sifirin da shokozoba masu ɗaukar kaya sun fi tsayi amfani.

Sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, da ma'auninsa. A rairayi za ka rage iska zuwa wajen 18 psi don taya ta baje, amma da ka hau kwalta ka tsaya ka mayar da ita, domin babu mai faci a nan, kuma taya mai laushi tana shan mai tana ɗaukar zafi. Haka ma giya: 4H, mai jan taya huɗu, a yashi da laka, 2H, mai jan taya biyu, a kwalta.

Don firji da fitila, sa batir na biyu da faifan sola mai wat 100 zuwa 200, ka huta da barin mota a silo cikin dare. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe matatar iska kana dubawa, ka tafi da sabuwa a ajiye.

Kada ka yi gyaran duka a rana ɗaya. Sa abu ɗaya, ka sake gwajin cika tanki a hanya iri ɗaya da gudu iri ɗaya, misali kilomita 90 a awa. In lissafi ya nuna kayan ya ƙara lita ɗaya a kowace kilomita 100 alhali sau biyu kacal kake amfani da shi a shekara, a kwance shi a ajiye sai ranar tafiya.