Yadda ake jinyar wanda ajalinsa ya kusa a gida

Idan likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya ce a koma gida, magani ya kai iyakarsa, jinya ba ta ƙare ba. Abin da ya rage shi ne sauƙaƙa wa majinyaci da kiyaye suturarsa.

Fara da shimfiɗa. A sa leda a kan katifa, a rufe da zane mai laushi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2. In an bar shi gefe guda, fata takan mutu a ƙugu da diddige da kafaɗa, gyambo ya buɗe, zafin Afrilu kuma ya ƙara dagula shi. Wajen gyara shi a fitar da 'yan dubiya, a rufe al'aura.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura. Idan ya daina iya haɗiya, koko ko furar da aka matsa masa huhu take wucewa, ya ƙware, numfashi ya tsananta. Ƙin abinci a wannan gaɓa ba yunwa ba ce, jiki ne ya daina buƙata. A jiƙa auduga da ruwa a goge baki da harshe a kai a kai, a shafa man kaɗanya a leɓe, musamman da hunturu.

Maganin ciwo a ba shi kan lokacin da likita ya rubuta, kada a jira sai ya yi nishi. Mofin (maganin ciwo mai ƙarfi) na sha galibi duk awa 4 ne, kuma yana ɗaure ciki, sai a nemi maganin sassauta bayan gida tare da shi.

Tun yana magana a tambaye shi bashi da amana da wasiyya, a rubuta gaban shaidu. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya.

Idan kakari ya fara, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a ɗan ɗaga kai. Mutum ɗaya ya zauna kusa yana faɗin La'ilaha illallahu a hankali. Ba a cewa "Baba, ka ce", ba a kuma nanata masa in ya faɗa. Maganar gado a bar ta, domin ji yakan daɗe bayan baki ya rufe.

Da ya cika, a rufe idanu, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a lanƙwasa gaɓoɓi a miƙe su kafin su sandare, a lulluɓe shi. Abincin gidan rasuwa kuwa, maƙwabta ne ke kawowa.