Yadda ake kwatanta faya-fayan tsofaffin shirye-shiryen ƙagaggen kimiyya da yadda ake gyara su

Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon Blu-ray na tsohon shiri, ko ka kwana a gaban kwamfuta kana wanke hoton kaset, ka fara samo amsar tambaya biyu: da me aka ɗauki shirin, kuma a kan me aka tace shi? Nan ne iyakar abin da za a iya cetowa take. Fim mai faɗin milimita 35 yana riƙe da bayanin da ya fi ƙarfin talabijin ɗin zamaninsa, shi ya sa in an sake yi masa sikanin ake ganin abin da masu kallon wancan lokaci ba su taɓa gani ba. Kaset ɗin bidiyo kuwa layukansa ƙidayayyu ne: 576 a tsarin PAL da aka yi amfani da shi a Ingila da Najeriya, 480 a tsarin NTSC na Amurka. Abin da bai shiga kaset ba ranar ɗauka, ba manhajar da za ta dawo da shi, sai dai ta ƙirƙiro wani abu mai kama da shi.

Star Trek na farko, na 1966 zuwa 1969, shi ne mai sauƙi. Da fim aka ɗauka, a kan fim aka kammala. A 2006 aka sabunta shi, aka maye hotunan jirgi da na duniyoyi da zanen kwamfuta, amma Blu-ray ɗinsa ya bar wa mai kallo zaɓi tsakanin tsohon siddabarun hoto da sabo. Magajinsa, Star Trek: The Next Generation, na 1987 zuwa 1994, shi ma da fim aka ɗauka, sai dai a kan kaset aka tace shi aka haɗa siddabarun. Da za a yi Blu-ray tsakanin 2012 da 2014, sai da aka koma rumbu aka ɗebo nagatif, aka sake tace kowane kashi daga tushe. Deep Space Nine da Voyager, su ma shirye-shiryen Star Trek, hanya ɗaya suka bi wajen tacewa, amma ba a yi musu wannan aikin ba, saboda haka duk wanda ya nuna maka cikakken zangonsu da sunan mai tsananin tsabta, hoton DVD ne aka hura, wato aka faɗaɗa shi da manhaja.

Babylon 5 kuma darasi ne a kan siffar allo. An ɗauki 'yan wasa da fim yadda zai cika allo mai faɗi, amma zanen kwamfutar an yi shi ne a kan ma'aunin tsohon talabijin, 4:3. Masu DVD suka zaɓi allo mai faɗi, suka datse sama da ƙasan duk wurin da zane ya shiga, suka ja shi ya cika allo. Kana kallon fuska tas, da an shiga sararin samaniya sai hoto ya dagule. Sabuntawar 2021, wadda ta fito a Blu-ray a 2023, ta koma 4:3, kuma ita ce ta fi gaskiya duk da baƙin da take bari a gefe biyu.

Doctor Who na BBC, wanda ya fara ranar 23 ga Nuwamba 1963, shi ya fi kowa rikici. A sutudiyo da kyamarar bidiyo ake ɗauka, a waje da fim. An goge kaset da yawa an sake ɗauka a kansu, abin da ya tsira daga shekarun 1960 galibi kwafi ne da aka yi ta hanyar kafa kyamarar fim mai milimita 16 a gaban allo domin sayarwa ƙasashen waje. Irin wannan kwafin ne Philip Morris, mai farautar ɓatattun shirye-shirye, ya tarar a wata tashar talabijin a Jos, aka sanar a Oktoba 2013: kashi tara da suka ɓace daga labaran The Enemy of the World da The Web of Fear, abin da ya sauko da adadin ɓatattu daga 106 zuwa 97 a lokacin.

Gano irin hoton da ke hannunka

Ka kwafo faifan da ka mallaka zuwa kwamfuta da manhajar MakeMKV, domin ba ta sake matse hoton. Ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo ka rubuta girman hoto, saurin firam, da yawan hanyoyin sauti. Amma kada ka yarda da abin da ta ce game da saƙar layi, wadda bayaninta ke tafe. Alamar da ke kan faifai takan yi ƙarya. Idonka ne alƙali.

Tsohon bidiyo ba cikakken hoto yake ɗauka ba. Rabi-rabi yake ɗauka, layukan mara sannan layukan cika, sau 50 a daƙiƙa a PAL, sau 59.94 a NTSC, a saƙa su wuri ɗaya. A allon kwamfuta, in abu ya motsa, za ka ga gefensa kamar haƙoran mataji. Nemi wurin da mutum ke tafiya ko kyamara ke juyawa, ka bi firam ɗaya-ɗaya a VirtualDub2:

In kowane firam mai motsi yana da haƙora, bidiyo ne na asali. Ka yi masa QTGMC, matatar warware saƙa, a manhajar AviSynth ko VapourSynth ya fito firam 50 ko 59.94. Kada ka rage shi zuwa 25. Rabin motsin za ka zubar, shirin sutudiyo ya koma yana tafiya kamar fim, alhali ba haka aka yi shi ba. Masu gyaran Doctor Who ma akasin haka suka yi: sun ƙirƙiro dabarar VidFIRE domin su mayar da motsin 50 ga kwafin fim da ya rasa shi.

In firam uku tas ne biyu masu haƙora, a jere haka har ƙarshe, fim ne mai firam 23.976 da aka shimfiɗa a kan NTSC. Wannan ba ya buƙatar QTGMC. Matatar TFM ta haɗa rabi da ɗan'uwansa, TDecimate ta cire firam ɗaya cikin biyar, ka samu fim ɗin yadda yake.

Matsalar tana wurin gauraye. A DVD na The Next Generation da Deep Space Nine, maganar 'yan wasa fim ce, amma wasu wuraren siddabaru da rubutun allo a kan saurin bidiyo aka haɗa su. In ka saki TDecimate a kan kashin gaba ɗaya, jirgi zai riƙa tuntuɓe yana wucewa. Mafita mafi sauƙi ita ce a fitar da komai a 59.94. Doctor Who na shekarun 1970 bai da wannan wahalar: a 50, wuraren fim suna maimaita firam ne kawai, ba abin da ya lalace.

Akwai na huɗu, mafi muni: firam mai inuwa biyu, kamar an ɗora hoto kan hoto. Wannan alama ce an juya shirin daga NTSC zuwa PAL ko akasin haka da tsohuwar na'ura. Matatar SRestore takan rage shi, amma in akwai fitowar ƙasar asali, ka neme ta kawai.

Kwatanta fitowa biyu

Kada ka kwatanta da agogo. Shirin Amurka da aka ɗauka da fim yana gudu da kimanin kashi 4 cikin 100 fiye da ƙa'ida a DVD na PAL, domin an tura firam 24 zuwa 25; kashi mai minti 50 yakan dawo 48, muryoyi su ɗan sirance. Minti na goma a wannan ba shi ne minti na goma a wancan ba. Ka nemi wurin da aka yanke daga fage zuwa fage, ka ƙirga firam daga nan a kowane ɓangare.

Wuri shida ya isa a kashi ɗaya: fuska a kusa, fage mai duhu, sama ko bango mai launi ɗaya, motsi mai sauri, rubutun sunaye, da wurin siddabaru. Ajiye su a PNG, domin JPEG tana ƙara nata lahanin. Pikselin DVD ba murabba'i ba ne, saboda haka 720 da 576 sai an mai da shi 768 da 576, shi kuma 720 da 480 ya koma 640 da 480, kafin fuska ta yi daidai. Daga nan ka kai duka biyun 1440 da 1080 da mai faɗaɗawa iri ɗaya, kamar Spline36.

Nan ne da yawa suke faɗawa rami. DVD tana lissafa launi da ƙa'idar Rec.601, Blu-ray da Rec.709. In ka ɗauki hoton biyun da ƙa'ida ɗaya, ja da kore za su gurɓace a ɗaya, ka zargi kamfani da canza launin riga alhali laifin manhajarka ne. Sannan kada ka jera hotunan gefe da gefe. Ka ɗora su wuri ɗaya kana sauyawa da maɓalli. Ido ya fi saurin kama abin da ya motsa.

Abin da za ka nema: farin zobe a gefen kai ko gefen rubutu, alamar an ƙara kaifi na ƙarya. Fuska sumul kamar an shafe ta da man kaɗe, babu ramin gashi, alamar an wanke yashin fim fiye da kima. Yashin nan shi ne hoton, ba datti ba ne. Baƙin da ya haɗiye ninkin riga da taurari ƙanana. Matakala a bangon da ya kamata launinsa ya zuba a hankali. Gefen allo kuma: lura da wani abu a kusurwa, ka ga ko yana nan a ɗaya fitowar.

Ka kwatanta tsawon kowane kashi bayan ka cire bambancin kashi 4 ɗin nan. Daƙiƙa talatin da suka ɓace sukan zama fage da aka cire saboda haƙƙin waƙa, kamar yadda aka cire guntun hoton mawaƙan Beatles daga The Chase na Doctor Who a DVD na Amurka. In a talabijin za ka duba, ka kashe mai santsin motsi, ka sauke kaifi zuwa sifili. Wajen saye kuma, Najeriya tana yanki na 5 a DVD, yankin B a Blu-ray tare da Turai, don haka Blu-ray na Ingila ya fi sauƙin kunnawa fiye da na Amurka.

In kaset ne

Duba ta tagar kaset tukuna. Farin gari a jikin naɗin fumfuna ne, kuma zai toshe kan na'ura ya shafi duk kaset ɗin da ya biyo baya. A tsabtace shi daban. Mai lafiya ka tura shi ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya domin naɗin ya daidaita.

Na'urar S-VHS ta JVC ko Panasonic mai TBC a ciki ita ce ta fi, domin TBC ke miƙe layukan da ke rawa. Ka fita ta wayar S-Video, wadda ke raba haske da launi. Waya mai rawayan kai tana cakuɗa su, ɗigo ya riƙa tafiya a gefen launi. Ɗauki hoton a 720 da 576, da saƙarsa yadda take, cikin FFV1 ko HuffYUV, tsarin ajiyar da ba ya zubar da komai na hoto, sauti a 48,000 Hz marar matsi. Ka tanadi gigabait 30 zuwa 40 ga kowace awa, ka kuma sa na'ura da kwamfuta a kan batir, domin ɗauke wuta tsakiyar aiki yakan bar kaset a maƙale. Kafin ka fara, daidaita haske ya zauna tsakanin 16 da 235 a ma'aunin 0 zuwa 255. Farin da ya ƙone lokacin ɗauka ba ya dawowa. Layukan ƙasa kimanin goma da ke yagewa, rufe su da baƙi, kada ka datse ka ja hoton.

Jerin aikin bai canzawa: warware saƙa, cire ɗigo da datti, gyara launi, faɗaɗawa, kaifi a ƙarshe in ma da buƙata. Wanda ya faɗaɗa hoto kafin ya warware saƙa ya gasa haƙoran matajin a ciki har abada.

Sautin da PAL ta gaggauta kuwa, ka mai da hoton 23.976, ka sa manhajar FFmpeg ta karanta sautin a 46,034 maimakon 48,000, sannan ta sake mai da shi 48,000. Tsawo da murya za su gyaru lokaci guda. Saurara tukuna: wasu kamfanoni sun riga sun gyara muryar, in haka ne tsawon kawai za ka ja. Wannan na shirin Amurka ne. Doctor Who a saurin PAL aka haife shi, rage masa gudu ɓarna ce.

Manhajojin hura hoto masu ƙirƙirarriyar basira suna burgewa a hoto tsayayye. Ka gwada su a fuskar da ke nesa da rubutun jikin na'urori, nan asirinsu ke tonuwa: idanu su karkace, haruffa su zama zane marar ma'ana. In za ka yi amfani da su, ninki biyu ya isa, kuma ka rubuta a sunan fayil cewa hurarre ne.

Kwafin kallo ka matse shi da manhajar x264 a ma'aunin inganci na CRF 16 zuwa 18. Ɗanyen kwafin kuma ka bar shi ba taɓi a rumbu biyu daban. Kashi na uku na Planet of the Daleks, labarin Doctor Who na 1973, ya tsira ne a baƙi da fari kawai, da wasu ƙananan ɗigo a jikin fim ɗin da kowa zai ɗauka datti ne. Ragowar siginar launi ce da ba a tace ba ranar da aka yi kwafin, kuma daga ita manhajar Richard Russell ta karanto launin, aka haɗa da fentin kwamfuta, kashin ya fito a DVD da launinsa.