Yadda za ka yi maganin kaskar ƙudan zuma ba tare da ka ɓata zumarka ba

Jama'a masu kiwon zuma, wannan ƴar kaskar da ake ce wa baroa, ja ce mai ɗan duhu, girmanta bai kai ƙwayar ridi ba, tana shiga ramin saƙa kafin a rufe tsutsar, ta hayayyafa a ciki, shi ya sa za ka ga ƙudan zuma na fitowa da nakasassun fukafukai.

Amma kafin ka sayi komai, ƙirga kaskar tukuna. Ɗebi ƙudan zuma rabin kofi, wajen 300 kenan, daga wurin ƙwai, ka tabbatar sarauniya ba ta ciki, sa a kwalba mai murfin raga, zuba garin sukari mai laushi cokali biyu, juya, bari minti biyu, sai ka kaɗe kan farin faranti, kaskar za ta zubo ta ragar ka ƙirga. In kaskar ba ta kai 9 ba gaskiya ka ƙyale su, namu na Afirka suna da juriya da ita sosai fiye da na Turai.

In ta yi yawa, to fara ɗibar zumarka tukun, ba a sa magani zuma tana cikin amya, kuma kar ka bari ya haɗu da lokacin furen ɗorawa. Abu mafi sauƙi ma ba magani ba ne, yanke saƙar da tsutsotsin maza ke ciki bayan ƙudan zuma sun rufe ta, don can kaskar ta fi taruwa, ka ba kaji.

Cikin magungunan kaskar, oxalic acid yana aiki amma ba ya ratsa rufaffen rami, sai lokacin da ƙwai suka yi ƙaranci. Formic acid yana ratsawa sai dai zafi in ya haura digiri 30 yana iya kashe sarauniya, don haka lokacin sanyin hunturu kawai. Thymol kuma warinsa na kama zuma. Apivar, wato ɗan fallen roba mai magani da ake ratayawa tsakanin saƙa, sati shida zuwa takwas ka cire, kar ka manta shi a ciki.

Abin da ya fi damuna, wallahi masu sa maganin kaskar shanu ko fiya-fiya a amya ku daina, gubar tana zama cikin kaki da zumar, ga shi kuwa zumar nan marasa lafiya da masu jego ake saya wa. Tsohuwar saƙa da ta yi baƙi kuma a riƙa cire ta duk shekara.